Rost: Tsibirin Da Kan Kifinsa Ke Ƙarewa A Tukunyarmu

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau za mu ɗan ajiye siyasar gida, mu yi tafiya mai nisa. Wurin da zan kai ku na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, amma wasunmu sun ci abin da ya fito daga yankin. Bari in faro daga yadda ni kaina na san da shi.

Lokacin da nake bautar ƙasa a Aba, akwai wata mama maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya. Wata rana ta aiko min da miyar agushi, na tsinci wani abu a ciki, kifi ne amma da ɗan tauri, ga wani ƙamshi mai ƙarfi wanda da farko hancina bai yarda da shi ba. Washegari na je rumfarta na ce, mama, wane irin kifi ne wannan? Ta ɗauko min guda ɗaya ɗanye. Wallahi da a duhu ne sai in ce itacen girki ta miƙo min. Ta ƙwanƙwasa shi a jikin tebur, ya yi ƙara. Ta ce sunansa okporoko, kuma sunan daga irin ƙarar da yake yi ne a cikin tukunya. Yarabawa na ce masa panla. A gefe ga buhunan da yake zuwa a ciki, na duba rubutun jiki na ga Norwe.

Abin ya tsaya min a rai. Me ya haɗa kasuwar Aba da ƙasar da ke can ƙuryar arewacin Turai? Bin diddigin wannan tambayar ne ya kai ni ga tsibiran Lofoten, inda ake shanya irin wannan kifin, sannan ya kai ni ga wata ƙaramar hukuma da ke can ƙarshen jerin tsibiran. Su suna rubuta sunan Røst, da wannan harafin nasu mai sanda a tsakiya. Ni zan riƙa cewa Rost, kada harshena ya karye.

To ina Rost take? Ku ɗauko taswirar Norwe, ku bi gaɓar teku ku yi arewa har ku wuce layin Aktik, wato layin da daga shi zuwa sama ake samun ranakun da rana ba ta faɗuwa. Za ku ga wani birni, Bodo. Daga Bodo ku fuskanci yamma, ku shiga teku kimanin kilomita 100. Nan Rost take, ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Jirgin ruwan fito yana ɗaukar awa huɗu ko fiye, ya danganta da inda ya biya. Akwai ɗan filin jirgin sama da aka buɗe a 1986. Idan iska ta tashi kuwa, daga jirgin ruwan har na saman kowa haƙuri yake yi.

Mutanen wurin suna cewa tsibiransu 365 ne, ɗaya ga kowace rana ta shekara, idan an haɗa da ƙananan duwatsun da ke leƙowa daga ruwa. Duk ƙasar idan aka tattara ba ta wuce murabba'in kilomita 10 da ɗan ɗoriya ba. Kusan kowa a tsibiri ɗaya yake zaune, Rostlandet, kuma wannan tsibirin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Wurin da ya fi ko'ina tudu a cikinsa bai wuce mita 11 zuwa 12 daga saman teku ba. Bene mai hawa huɗu ya fi shi tsawo. Ga ƙananan tafkuna, ga fadama, ga ciyawa da tumaki, bishiya kuwa sai an nema. Amma da ka dubi kudu maso yamma sai ka ga wasu tsibirai sun miƙe tsaye daga cikin teku kamar an dasa su: Vedoya, Storfjellet, Trenyken, Hernyken. Storfjellet ya kai mita 259. Waɗannan ba na mutane ba ne, na tsuntsaye ne, kuma za mu dawo kansu.

Mutum nawa ke zaune a wurin? Ba su kai 500 ba. Eh, kun ji daidai. Akwai ɗaurin auren da za ka je a Kano ka tarar da jama'ar da ta fi ta Rost gaba ɗaya.

Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa. A Disamba kuma da ƙyar take leƙowa. Na san tambayar da ke ranku, don ni ma ita na fara yi: to ya ake sallar magariba, ya ake buɗa-baki? Musulmin da ke arewacin Norwe, irin na birnin Tromso, da yawansu lokutan Makka suke bi a irin waɗannan watannin. Wannan wani shiri ne daban, sai mun samu malami.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yanayin wurin. Wuri ne da ke arewa da layin Aktik, daidai da sassan Saiberiya da Alaska inda sanyi ke daskarar da komai wata da watanni. Amma a Rost, ko a tsakiyar hunturu, matsakaicin sanyin wata yana tsayawa ne a wajen sifili ko ɗan sama da shi. Dalili shi ne wani ruwa mai ɗumi da ke gudana a cikin tekun Atilantika kamar kogi, yana tasowa daga wajen Mekziko ya biyo gaɓar Norwe. Shi ke hana hunturun Rost tsanani. Bazararsu kuma ba ta zafi. Kullum dai sanyi-sanyi, kullum iska mai gishiri.

Ku riƙe wannan, don duk tarihin wurin a kansa ya hau.

Kowace shekara daga Janairu zuwa Afrilu, wani kifi da suke kira skrei, wato babban kifin kod, yana barin tekun Barents can arewa ya gangaro Lofoten don ya zuba ƙwai. Masunci ba ya bin kifi, kifi ne ke zuwa ƙofar gidansa. Idan an kama, sai a cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan wasu manyan ragayu na katako da suke kira hjell. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta. Iska kawai. Daga wajen Fabrairu ko Maris har zuwa Yuni yana nan a rataye, sannan a shigar da shi rumbu ya ƙarasa bushewa. Kafin a gama, kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa ya tafi, kuma zai yi shekaru bai lalace ba.

Duk wanda ya taɓa ganin ana shanya kilishi ya san aikin ba na hannu kaɗai ba ne, sai yanayi ya ba da haɗin kai. Haka nan ma. Da sanyin ya yi yawa, ruwan jikin kifin zai daskare ya farfasa naman. Da ɗumi ya yi yawa, ƙuda zai yi ƙwai a ciki ya ruɓe. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata 'yar siririyar hanya, kuma Rost a kanta take zaune. Shi ya sa ba za ka kwashi sana'ar ka kai ta wani wuri yadda ka ga dama ba.

Yauwa, yanzu ga labarin da ya sa sunan tsibirin ya shiga littattafan tarihi.

A 1431 wani ɗan kasuwa daga birnin Venis na Italiya, Pietro Querini, ya taso daga tsibirin Kirit da jirgi cike da giyar inabi da kayan ƙamshi, zai kai Bruges, a ƙasar Beljiyam ta yau. Su 68 ne a jirgin. Guguwa ta same su a tekun Atilantika, ta karya abin tuƙin, ta yayyaga filafilan, ruwa ya riƙa jan su makonni. A Disamba suka bar jirgin suka shiga ƙananan kwale-kwale biyu. Ɗaya, mai mutum 21, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗayan mai mutum 47 ya ci gaba da yawo a kan ruwa, ƙishirwa da sanyi suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. A farkon Janairun 1432 ruwa ya jefa waɗanda suka rage a wani tsibiri da babu kowa, Sandoya, kusa da Rost. Sun yi kusan wata guda suna cin abin da suka ɓamɓaro daga jikin duwatsu, suna narka ƙanƙara su sha, kafin masuntan Rost su gano su. Mutum 11 suka rayu.

Masuntan suka rarraba su gida-gida, suka riƙe su wajen wata uku. Querini da ya koma gida ya rubuta abin da ya gani, kuma rubutun nasa na daga cikin tsofaffin bayanan da ake da su kan rayuwar talakan arewacin Norwe a wancan zamanin. Ya ce mutanen sun kai kimanin 120. Ya yi mamakin yadda ba sa kulle ƙofa, ba sa kulle akwati. Ya kwatanta kifin da suke shanyawa a iska ba gishiri, ya bushe kamar itace, sai an daddoke shi kafin a dafa. Ya ce shi ne kuɗinsu, shi suke lodawa a jirgi su kai birnin Bergen su musanya da abin da ƙasarsu ba ta bayarwa. A watan Mayu ya bar tsibirin, aka yi masa guzurin busasshen kifi guda 60.

Italiyawa suna son cewa daga wannan guzurin ne soyayyarsu da kifin ta faro. Ni dai ina ɗaukar zancen da ɗan taka-tsantsan. Kifin Lofoten ya daɗe yana shiga kasuwannin Turai ta hannun 'yan kasuwar Jamus da ke Bergen tun kafin a haifi Querini, kuma abin da ya ƙara masa kasuwa a Italiya shi ne ranakun azumin Katolika da ba a cin nama. Amma labari mai daɗi ya fi lissafin kasuwa saurin yaɗuwa. Yau akwai wani gari a Italiya, Sandrigo, da ya ƙulla ƙawance da Rost, suna bikin kifin duk shekara. Mutanen Rost sun raɗa wa wani ɗan tsibirinsu sunan garin. A 2012 har wasan kwaikwayo na waƙa aka shirya kan labarin Querini aka nuna a tsibirin.

Teku dai ba ta taɓa yi musu da sauƙi ba. A 1835 guguwa ta ɗauke cocinsu na katako, ƙololuwar ginin ce ta tsira, tana nan a maƙabartarsu har yau. Suka gina na dutse a 1839, ya yi musu kaɗan, suka gina wanda suke amfani da shi yanzu a wajen 1900. A 1887 aka kunna hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Skomvaer, can ƙarshen tsibiran, inda daga shi sai buɗaɗɗiyar teku. Tambarin ƙaramar hukumar ma daga tatsuniya aka ɗauko shi: baƙaƙen tsuntsayen ruwa uku masu dogon wuya, daga labarin wasu 'yan uwa uku da ke rikiɗa su koma tsuntsaye, a wata ɓoyayyiyar ƙasa mai albarka da ake kira Utrost, wadda ba kowa ke ganinta ba. Mutanen da ke zaune a kan dutse da iska, tatsuniyarsu ta gonar hatsi ce. Abin ya taɓa ni.

A 1928 aka raba Rost daga maƙwabciyarta Vaeroy ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, da mutum sama da 700. A 2020 gwamnatin Norwe ta haɗe ƙananan hukumomi da dama, adadinsu ya sauko zuwa 356, amma Rost ta ci gaba da zama ita kaɗai. Kuma a tsarinsu ƙaramar hukuma ba suna ba ce kawai. Ita ke riƙe da makarantar firamare da ƙaramar sakandare, da wurin renon yara, da likita, da kula da tsofaffi, da ruwan sha. Mutum ƙasa da 500, amma suna da zaɓaɓɓiyar majalisa da kasafin kuɗinsu. Ba zan ce komai kan namu 774 ba, kun san ra'ayina, mun yi wannan faɗan a baya.

To mu ina muka shigo? Idan kifin ya bushe, akwai ƙwararren mai tantancewa da ke ɗaukar kowanne ya duba, ya shinshina, ya ware shi aji-aji. Ajin ya kai wajen ashirin. Mafi kyawun ya tafi Italiya. Na ƙasa-ƙasa, da kuma kawunan da aka cire tun farko aka shanya daban a jikin igiya, yawancinsu Najeriya suke nufa. Ba Rost kaɗai ke turowa ba, sauran Lofoten da arewacin Norwe da Aisilan duk suna ciki. Cinikin ya bunƙasa tun shekarun 1950, sannan a lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, an yi ta kai busasshen kifin yankin gabas a matsayin agaji, saboda yaran da kwashiyoko ke kashewa. Abin da ya shigo da yunwa ya zauna ya zama abin marmari, har ya kai babu babban biki a ƙasar Ibo sai da shi.

Da farko da na gane cewa su Italiya gangar jiki, mu kai, raina ya ɗan sosu. Daga baya na sauko. Mai miya a Aba ba don talauci kaɗai take sayen kan ba, ta san a nan ɗanɗanon yake. Kuma kafin kasuwarmu ta buɗe, kan ba shi da wata daraja a wurin masu shi. Wanda ya sa abin zubarwa ya zama abin lodawa a kwantena ba ƙaramin abokin ciniki ba ne. Shi ya sa da Babban Bankinmu ya hana ba da dalar gwamnati don shigo da wasu kayayyaki a 2015, kifi na ciki, masu shanya kifi a Lofoten sun ji a jikinsu.

Yanzu mu koma kan tsuntsayen nan da na ce ku jira ni.

Akwai wani ɗan tsuntsun teku da suke kira lunde. Baƙi da fari ne, bakinsa ja da rawaya kamar na aku, yana haƙa rami a jikin tudu ya yi ƙwai ɗaya tak a shekara. A 1979, da masu bincike suka ƙirga, akwai ma'auratan wannan tsuntsun kimanin miliyan 1.4 a Rost. Yau sama da kashi 80 cikin 100 sun tafi. Ba harbe su aka yi ba. Yunwa ce. Abincin 'ya'yansu shi ne jariran kifin da mu a kasuwa muke kira shawa, waɗanda ruwa ke kwasowa daga kudu ya wuce da su ta gaban tsibiran a daidai lokacin ƙyanƙyasa. A ƙarshen shekarun 1960 kamun wuce gona da iri ya kusa ƙarar da shawa a tekun Norwe. Daga baya kifin ya farfaɗo, amma teku ta ƙara ɗumi, lokacin wucewar jariran da girmansu suka daina dacewa da lokacin da tsuntsun ke buƙata. Aka yi shekaru a jere, daga 2007, kusan babu ɗan tsakon da ya rayu ya tashi. Uwa da uba su fita su dawo baki wayam, ɗan ya mutu a rami. Tsuntsun yana da tsawon rai, don haka ba a ga ɓarnar nan take ba. Tsofaffin sun ci gaba da dawowa duk shekara, babu masu maye gurbinsu, har lissafi ya fito.

Tsibirin Vedoya, wanda a da kukan tsuntsaye ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, yanzu ya yi tsit.

Gaskiya wannan ya gyara min wani tunani. Mu masu surutu kan sauyin yanayi mun saba ɗaukar cewa mai kuɗi zai sayi mafita, talaka ne kaɗai zai ji jiki. Akwai gaskiya a ciki. Amma Norwe na cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a duniya, kuma duk asusun man fetur ɗinta bai iya kai jaririn shawa ɗaya bakin ɗan tsako a kan lokaci ba. Kifin kod ɗin ma da tsibirin ya dogara da shi yana raguwa. Adadin da Norwe da Rasha suka amince a kama a tekun Barents ya kai tan 885,000 da ɗoriya a 2021, amma a 2025 an sauko da shi zuwa tan 340,000. Idan kun ji ana kukan tsadar okporoko, ba faɗuwar naira ce kaɗai ba, kifin ne ma ya yi ƙaranci tun daga tushe.

Akwai abu ɗaya da ya burge ni, kuma a matsayina na mai fafutuka dole in ambata. Kamfanonin mai sun daɗe suna son haƙa a tekun da ke gaban Lofoten, daidai inda kifin ke zuba ƙwai. Masunta da matasa, ciki har da ƙungiyar matasa ta Natur og Ungdom, suka yi shekaru suna cewa a'a. Ba zanga-zangar kwana uku ba, aiki ne na shekara da shekaru, zaɓe bayan zaɓe, har babbar jam'iyyar ma'aikata ta ƙasar ta sauya matsayinta a 2019. Har yanzu ba a haƙa ba. A ƙasar da mai ne ƙashin bayan arzikinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ko wannan bai warware babbar matsalar Rost ba, wato mutane. Yaro idan ya kai shekara 16 ya gama ajin da ke tsibirin, dole ya haye ruwa, yawanci zuwa Bodo, ya kama ɗaki don ya ci gaba da karatu. Wasu su dawo, da yawa ba sa dawowa. A lokacin kakar kifi ma'aikata daga gabashin Turai ne ke cike giɓin a wuraren yanka da rataya. Duk wanda ya fito daga ƙauye ya zo birni karatu, kamar ni, ya san wannan lissafin. Ka ce in na gama zan koma, sai ka gama ka ga abin da ka karanta babu inda za ka yi aiki da shi a gida. Bambancin kawai, su idan iyali biyu suka tashi, ajin makaranta guda ne ya watse.

Makon jiya na shiga kasuwar Sabon Gari, na nemi layin masu kayan miyar kudu. Na ɗauki wani kan kifi ina jujjuya shi, ina kallon haƙoransa, ina tunanin wata uku da ya yi yana lilo a iskar da ban taɓa shaƙa ba. Mai rumfar ya gaji ya ce, malam, saye za ka yi ko gaisawa kuke? Na sayi biyu. Da na kai gida Hajiyarmu ta shinshina sau ɗaya ta ce ba dai a tukunyarta ba. Suna nan a leda a bayan ƙofa, duk wadda ta iya sarrafa shi a miyar kuka ta yi min magana a ƙasa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.